Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Gombe kan koyar da ilimin ɗumamar yanayi

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugabanni da ma'aikatan wannan ma'aikata, ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yaranmu suna jin batun sauyin yanayi safe da yamma, a rediyo, a wajen taron dashen itatuwa, a takardar jarrabawa, amma ƙalilan ne cikinsu za su iya bayyana yadda abin yake faruwa. Na bar wasiƙar a buɗe domin iyaye da 'yan'uwana malamai su ma su karanta, don maganar ta shafe mu duka.

Ban manta da ƙoƙarin da aka yi ba. Tun 2019 da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin 3G na dasa itatuwa miliyan ɗaya a kowace shekara, ɗalibai sun fita sun haƙa rami, sun ɗauko ruwa, sun kewaye dashe da ƙaya saboda awaki. Jiharmu kuma tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin nan na katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa. Duk wannan alheri ne. Sai dai idan ka tsayar da yaron da ya dasa itacen ka tambaye shi me ke ƙara wa duniya zafi, amsar da aka fi ji ita ce wai hayaƙi ya huda sararin samaniya, rana tana kwararowa ta ramin. Har a bakin wasu manya ana jin haka. Wannan labarin ozon ne, kuma matsala ce daban. Ozon wata iska ce da ke can sama tana tare wani nau'in hasken rana mai ƙona fata, sinadaran da ake ɗura wa firji da na'urar sanyaya ɗaki a da su ne suka yi ta cinye ta. Ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal a 1987, aka daina amfani da sinadaran, yanzu tana farfaɗowa. Zafin da muke kuka da shi ba ta wannan hanya ya shigo ba.

Ga yadda ya kamata yaro ya ji bayanin, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Rana tana aiko da haske. Kusan kashi 30 cikin 100 na hasken nan gajimare da ƙura da ƙanƙara da farin yashi suna mayar da shi sama. Sauran kuwa ƙasa da teku su sha, su yi zafi. Duk abin da ya ɗauki zafi dole ya fitar da shi, kuma yana fitar da shi ne ta wani irin haske da ido ba ya gani amma fata tana ji. Shi ne wanda ke dukan fuskar mutum idan ya bi ta gefen katangar bulo bayan magariba a watan Afrilu, alhali rana ta daɗe da faɗuwa. Haka duniya gaba ɗayanta take mayar da zafinta sama, dare da rana.

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Waɗannan biyu ba ruwansu da wannan zafi, suna barinsa ya wuce abinsa. Amma a cikin ɗan abin da ya rage akwai wasu iskoki masu wani hali na daban: tururin ruwa, kabon dayoksaid, metan da naitiros oksaid. Suna ƙyale hasken rana ya shigo, amma idan zafin ƙasa ya zo fita sai su kama shi, su sake watsa shi ta ko'ina, wani sashe ya dawo ƙasa. Aikinsu kamar na bargo ne, wanda ba ya kawo zafi daga wani wuri, zafin jikin mai barci yake hanawa tserewa. Da babu waɗannan iskoki, matsakaicin zafin doron ƙasa zai kasance digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos, teku ma ta daskare. Da su kuwa yana wajen digiri 15. Ke nan asalin abin rahama ce daga Allah, yawansa ne ya zama damuwa.

Duk ɗan Gombe ya san wannan a jikinsa ko da bai shiga aji ba. A watan Janairu, lokacin hunturu, rana takan yi zafi da azahar, amma da asuba sai an nemi rigar sanyi, ana hura wuta a ƙofar gida. Iska ta bushe ƙarau, babu tururin da zai tare zafin, sai ya gudu sama cikin dare. A watan Mayu kuwa, idan iskar damina ta fara shigowa da laima, a kwana ana gumi har gari ya waye, ko a tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Tururin ruwan da ke cikin iska shi ne ya riƙe zafin. Idan na kawo wannan misali a aji, nan take nakan ga fuskoki sun saki, domin abu ne da suka sani.

Yaro mai kaifin basira zai ce, to me ya sa ba a ɗora wa tururi laifi ba? Dalili shi ne tururi ba ya daɗewa a sama, cikin 'yan kwanaki ya zama ruwa ya sauko, kuma yawansa yana bin zafin iska ne. Kabon dayoksaid kuwa idan ta hau, wani sashe nata yakan yi ɗaruruwan shekaru a can. Ita ce ke fara ɗaga zafin, zafin ya ƙara yawan tururi, tururin ya ƙara zafi a kan zafi.

Kafin a fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu, wato kafin wajen 1750, kabon dayoksaid kashi 280 ce cikin miliyan na iska. Masana sun san haka ne daga 'yan kumfan iska da suka maƙale a cikin tsohuwar ƙanƙarar Antatika, kuma ƙanƙarar ta nuna cewa cikin shekaru 800,000 da suka wuce adadin bai taɓa wuce wajen 300 ba. A 1958 wani masani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara aunawa kai tsaye a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, ya samu kusan 315. Yau ta haura 420. Duniya tana fitar da kimanin tan biliyan 37 a shekara daga ƙona makamashi da yin siminti, teku da dazuzzuka su shanye kusan rabi, sauran ya taru a sama. Sakamakon shi ne 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kusan digiri 1.5 a kan yadda duniya take a ƙarshen ƙarni na 19.

Akwai masu cewa a majalisar hira wai duk wannan sabuwar dabara ce ta Turawa don su hana mu haƙo man fetur da aka gano a Kolmani. Na fahimci inda zargin ya samo asali, domin waɗanda suka yi arziki da kwal da mai su ne yau ke wa wasu wa'azi. Amma ilimin kansa ya girmi wannan siyasa nesa ba kusa ba. Joseph Fourier na Faransa ya yi bayanin cewa iska tana riƙe wa duniya zafi tun 1824. A 1856 wata mata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika kwalaben gilashi da iskoki daban-daban, ta sa ma'aunin zafi a ciki ta ajiye a rana, ta ga mai kabon dayoksaid ta fi zafi kuma ta fi daɗewa ba ta huce ba. John Tyndall ya auna abin da kyau a Landan a 1859, sannan a 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya yi lissafin yadda ƙaruwar wannan iska za ta ɗaga zafin duniya. A lokacin ko haɗe Kudu da Arewa ba a yi ba, balle a san akwai mai a ƙasarmu. Ga mai cewa rana ce ta ƙara ƙarfi kuma, taurarin ɗan Adam suna auna hasken rana tun 1978, ba su ga ya ƙaru ba. Ƙari a kan haka, iskar da ke can ƙololuwar sama sanyi take ƙarawa yayin da ta kusa da ƙasa ke ƙara zafi. Da rana ce, duka biyun za su yi zafi tare.

Ranku ya daɗe, abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ya shafi Gombe, domin nan ne karatun yake da amfani ko ya zama na cin jarrabawa kawai. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. Wannan yana cutar da mu ta fuska biyu. Iska mai zafi tana tsotse laimar gona da ta tafki da sauri, don haka idan ruwa ya ɗauke na mako biyu bayan shuka, masara takan yi yaushi fiye da yadda take yi a da. Idan kuma hadari ya haɗu, yakan sauke abin da ya tara a lokaci guda. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, wanda ya ƙarar da dabbobi ya kuma janye Tafkin Chadi. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo a yankin Sahel, amma ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadarurruka masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun ga ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, mun kuma ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Sai dai a nan ne nake roƙon a koyar da yara gaskiya cikakkiya, kada kowace ɓarna a jingina ta ga sauyin yanayi a wanke hannu. Ƙasar garin Gombe mai yashi ce, mai saurin zaizayewa, garin kuma yana kwance ne a gangare. Tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 ya faɗaɗa ta ko'ina, inda a da gona ce ko daji yanzu kwanon rufi ne da kwalta da siminti. Ruwan sama milimita 1 yana nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Gida mai rufin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, ya zubar da lita 5,000, wato duro 25. A da ƙasa ce ke shanye mafi yawansa. Yanzu a lissafa gidajen unguwa guda, duk ruwan ya bi hanya ɗaya, magudanar kuma ta toshe da leda da shara. Haka kwari ke buɗe baki ya ci gidaje, irin wanda ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna kafin a yi masa aiki. Ƙarfin ruwan yana da nasaba da ɗumamar duniya, amma toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa da sare itatuwan bakin kwari aikin hannunmu ne. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan biyu ya san wanda zai iya gyarawa gobe da safe da kuma wanda sai dai ya shirya masa.

Wata yarinya ta taɓa tambayata, murya ƙasa-ƙasa bayan an tashi daga aji, ko girkin da mahaifiyarta ke yi da itace shi ne ya jawo wannan zafi, domin haka ta ji an faɗa a wani taro. Mahaifiyar tana suyar ƙosai ne, da shi ake biyan kuɗin littafi. Na ce mata a'a, kuma ina so kowane malami ya iya ba da wannan amsa da hujja. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid da duniya ke fitarwa daga makamashi. Ɗan Najeriya ɗaya bai kai tan 1 a shekara ba, Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14. Chaina ce kan gaba a yau, Amurka kuma ita ta fi tarawa idan aka haɗa tun farko. Akwai dalilai masu ƙarfi na rage girki da itace, hayaƙinsa yana lalata huhu da idon mai girkin da na goyon da ke bayanta, kuma dajinmu yana ƙarewa a buhunan gawayi. Waɗannan dalilai sun isa. Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka nauyin zunubin da ba shi ya aikata ba. Haka nan batun shanu da fadamun shinkafa, gaskiya ne suna fitar da metan, wadda a cikin shekara 20 ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 80, amma ba makiyayin Dukku ko manomin Dadin Kowa ne ya kai duniya inda take ba.

Itacen da muke dasawa ma a faɗa wa yara amfaninsa na zahiri. Yana shan kabon dayoksaid, ba shakka, amma itatuwa miliyan ɗaya ba za su sanyaya duniya ba. Abin da za su yi mana shi ne inuwa, da riƙe ƙasa da saiwa, da karya ƙarfin iska, da barin ruwa ya nitse. Yaron da ya san darbejiyar da ya dasa ita ce za ta hana kwari isowa bayan ajinsu zai fi kula da ita a watan Maris, lokacin da dashe ke mutuwa.

Allah ya ba jihar nan abin koyarwa da ba kowace jiha ke da shi ba. A Ashaka ana ƙona dutsen farar ƙasa a yi siminti, kuma shi kansa dutsen idan ya sha wuta yana sakin kabon dayoksaid, ban da ta makamashin da aka ƙona. A Maiganga ana haƙo kwal. A Kolmani, kan iyakarmu da Bauchi, an ƙaddamar da aikin haƙo mai a watan Nuwamban 2022. A Dadin Kowa kuma ruwan Gongola yana juya injin da aka gina don ba da megawat 40 na lantarki ba tare da ƙona komai ba. Cikin tafiyar yini ɗaya ɗalibi zai iya ganin duk abin da littafinsa ke magana a kai. Yaran da ke gabanmu yau su ne za su yi aiki a waɗannan wurare, su ne kuma za su zauna a teburin da za a yanke shawara kan alƙawarin da Najeriya ta yi a taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo a 2021, na daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060.

Wasu iyaye sukan ce ruwa da zafi ikon Allah ne. Haka ne, babu musulmi ko kirista da zai musa. Sanin sababi bai taɓa rage imani ba, kuma dukanmu mun san Annabi Yusuf, da aka sanar da shi fari na tafe, tanadin hatsi ya yi na shekara bakwai.

Na san manhajar karatu daga tarayya take zuwa, kuma hukumomin jarrabawa ne ke tsara tambayoyi, don haka ba canjin manhaja nake nema ba. Abin da ke hannunku shi ne malamai da kayan aiki. A shirya mana bita a lokacin hutu, malaman kimiyya da na labarin ƙasa da na noma, a gayyato masana daga Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su warware mana abin tun daga tushe. A kuma buga ɗan ƙaramin littafi da Hausa, a fassara shi zuwa Fulatanci da Tangale da Tera da Waja, domin yaro ya kai gida a karanta wa wanda bai yi boko ba.

Amma roƙon da na fi ba muhimmanci shi ne a sa wa makarantu wurin auna yanayi. Ba abu ne mai tsada ba. Ma'aunin zafi mai nuna mafi zafin yini da mafi sanyin dare, a cikin farin akwatin katako mai ƙofofin iska, a ɗaga shi daga ƙasa kimanin mita ɗaya da rabi. Sai ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da rufi da itace. Sai babban littafin rajista. Kowace safiya a lokaci guda ɗalibai biyu su je su karanta, su rubuta kwanan wata da lamba, su zubar da ruwan, su sa hannu. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, domin sifilin ma labari ne. A lokacin dogon hutu, wanda ya faɗo a tsakiyar damina, a ɗora wa ɗaliban da ke kusa da makarantar da maigadi, a ba su ɗan abin sabulu. Yaron da ya auna da hannunsa ya ga an yi milimita 60 a dare ɗaya, sannan aka yi kwana 15 ba ɗigo, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ake nufi da ruwa mai zuwa a dunƙule. Zai kuma koyi cewa zafin rana ɗaya ko ruwan shekara ɗaya ba shi ne sauyin yanayi ba, masana sukan duba shekara 30 kafin su yanke hukunci, kuma ana samun shekara 30 ɗin ne idan wani ya fara rubuta ta farko.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a ƙananan hukumomi. Galibin manoman Nafada da Kwami da Balanga ba sa ganin wannan takarda, amma 'ya'yansu suna gabanmu kullum. Idan ma'aikata ta aiko wa kowace makaranta shafin da ya shafi ƙaramar hukumarta, malami ya yi bayaninsa, yaro zai iya gaya wa mahaifinsa kada ya yi gaggawar shuka da ruwan farko, ko ya nemi iri mai saurin nuna bana. A ƙarshen damina kuma ɗalibai su gwada hasashen da abin da suka rubuta a rajistarsu, su ga inda ya dace da inda ya kauce.

Idan kuɗi ba za su kai ga kowace makaranta ba a tashin farko, a fara da makaranta ɗaya a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 11, a tattara alƙaluman a wuri guda a ƙarshen shekara. Ina roƙon kayan su isa kafin watan Afrilu, a horar da malamin da zai kula da su, domin a kama ruwan farko a cikin lissafi.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyya a garin Gombe